Jirgin ruwa ya sauke ku a Port Louis na yini guda: tambayoyi da amsoshi

Wannan bayani na masu shiga manyan jiragen ruwan nan ne na yawon shaƙatawa da ke zagaya tekun Indiya, irin waɗanda ke tasowa daga Durban ko Cape Town a Afirka ta Kudu su zo su yada zango a Port Louis, babban birnin ƙasar Moris, wato wadda ake rubutawa Mauritius a taswira. Yawanci da safe jirgi ke shigowa, kafin magariba ya ɗaga, wani kuma ya kwana ɗaya. Lokacin kaɗan ne, abin gani kuma da yawa, shi ya sa tambayoyin mutane kusan iri ɗaya ne kullum.

Wai a ina ma Moris ɗin take?

Tsibiri ne a tekun Indiya, gabas da Madagaska, kusan kilomita 2000 daga gaɓar Afirka, kuma tana cikin ƙungiyar Tarayyar Afirka. Ba ta da girma, tsawonta wajen kilomita 65 ne faɗinta wajen 45, mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Turawan Holan ne suka fara zama suka bar ta a 1710, Faransawa suka karɓa a 1715, gwamnansu Mahé de La Bourdonnais shi ya mayar da Port Louis tashar jiragen ruwa tun daga 1735, sai Ingila ta ƙwace a 1810 ta riƙe har ranar 12 ga Maris 1968 da aka samu 'yanci. Kaga shi ya sa za ka ji ana Faransanci a titi, allunan hukuma da Turanci, tuƙi kuma ta hannun hagu.

Ina jirgi ke tsayawa, da nisa zuwa cikin gari?

A unguwar Les Salines ne, akwai ginin karɓar fasinjojin jiragen shaƙatawa da aka buɗe a ƙarshen 2023. Daga nan zuwa Caudan, wato bakin ruwan da ke da shaguna da wuraren cin abinci, tafiyar ƙafa ba ta kai rabin awa ba, amma fa babu inuwa sosai a hanyar kuma Port Louis gari ne mai zafi don duwatsu ne suka kewaye shi ta baya suka tare iska. In akwai tsoho ko mai ƙaramin yaro a cikinku ku hau tasi kawai ko motar da jirgi ya tanada, ku adana ƙarfinku don cikin gari, can ne za ku yi tafiyar ƙafa ta gaske.

Yini ɗaya kawai gare ni. Me ya fi dacewa in yi?

Shawarata, kuma ina nanata ta, kada ka ce sai ka ga tsibirin duka. Wannan shi ne abin da ke lalata wa mutane yini, su shiga mota tun ƙarfe tara ana gudu da su daga wannan wuri zuwa wancan, minti goma a sauka a ɗau hoto a koma mota, la'asar ta yi hankali ya koma kan agogo, su dawo jirgi a gajiye ba su san garin da suka sauka ba. Port Louis ita kanta ta ishe ka rabin yini a ƙafa: Aapravasi Ghat, babbar kasuwa, masallacin Juma'a, unguwar 'yan Sin, dandalin Place d'Armes, duk suna kusa da juna. Ka yi wannan da safe kafin rana ta take. Bayan azahar ka zaɓi abu ɗaya tak a wajen gari, ko lambun Pamplemousses ko bakin teku a arewa, ka dawo da wuri.

In kuma ba ka da sha'awar gari sam, teku kawai ka zo gani, to ka juya tsarin, ka tafi bakin teku da safe ka ƙare yinin a Caudan inda kana iya hango jirginka.

Mene ne Aapravasi Ghat da ake ta cewa kada a wuce shi?

In wuri ɗaya kawai za ka shiga a Port Louis to nan ne. Ba wani katafaren gini ba ne, ragowar bangon dutse ne baƙi a bakin ruwa, kusa da tashar bas ta arewa, mutum na iya wucewa ta gabansa bai san me ya wuce ba. Amma ta nan kakannin mafi yawan 'yan Moris suka shigo ƙasar.

Abin da ya faru shi ne, da Ingila ta soke bauta a tsibirin a 1835 masu gonakin rake suka rasa masu yi musu aiki kyauta, sai gwamnatin Ingila ta gwada wani sabon tsari a nan kafin ko'ina, a kwaso leburori daga Indiya bisa kwantiragi, yawanci na shekara biyar, a ba su ɗan albashi da abinci da wurin kwana. Rukunin farko ya iso tun ana shirin soke bautar, ranar 2 ga Nuwamba 1834, a jirgin da ake kira Atlas, har yau ranar hutu ce a ƙasar. Tsakanin 1834 da 1920 kusan mutum rabin miliyan aka kawo. Wannan ma'ajiyar da ake gani yau an gina ta a 1849, a nan ake ajiye su 'yan kwanaki a duba lafiyarsu, a rubuta sunansu a ba su lamba, daga baya har hoto ake ɗauka, sannan a raba su zuwa gonaki. Tsarin da aka gwada a nan ne aka kai Guyana da Trinidad da Fiji da Natal ta Afirka ta Kudu. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Akwai matakala ta dutse mai hawa 16 da ke fitowa daga bakin ruwa. Gajeriya ce, gefunanta sun sule, ka tsaya a ƙasanta ka ɗaga kai ka tuna mutumin da ya yi makonni a cikin jirgi, ɗan ƙullin kayansa a hannu, bai san harshen ƙasar ba, bai san gonar wa za a kai shi ba, kuma da yawansu ba su sake ganin gida ba. Cikinsu akwai Hindu akwai Musulmi. Kai ma ta ruwa ka shigo garin nan da safe, to ya kamata ka ga inda su suka taka. Akwai ɗakin baje koli a ciki mai hotunan leburorin da takardunsu, ka ba shi minti arba'in ko awa guda, ba a biyan kuɗin shiga.

Ɗan gaba kaɗan akwai tsohon asibitin soja na zamanin Faransawa wanda aka mayar gidan tarihin bauta. Yawancin bayin daga Madagaska da Mozambik aka kawo su, amma akwai na Afirka ta Yamma ma, har yanzu akwai unguwa a Port Louis da ake kira Camp Yoloff saboda Wolof na Senegal da aka zaunar a wurin.

Akwai masallaci kusa? In Juma'a ta riske ni fa?

Akwai, kuma ba ɗaya ba. Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin ɗari na mutanen ƙasar kuma da yawansu a Port Louis suke. Babban masallacin Juma'a yana kan titin Royal Road, fari da kore, 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya ne suka fara shi a shekarun 1850 aka yi ta faɗaɗa shi har zuwa ƙarshen ƙarnin. Daga kasuwa 'yan mintuna ne a ƙafa. Kana shiga ƙofar hayaniyar titi ta yanke, ga tsakar gida da tsohuwar bishiyar badamiye a tsakiya, ga wurin alwala, ga ƙofofin katako masu sassaƙa. Ranar Juma'a yana cika sosai, ka je da wuri ka tambayi lokacin huɗuba tun da safe in ka biyo ta wurin. 'Yan'uwa mata su tambayi masu kula da ƙofa inda aka keɓe musu kafin su shiga.

Unguwar Plaine Verte da ke gaba ita ce cibiyar Musulmin garin, a can masallacin Al-Aqsa yake, wanda ya fi kowanne daɗewa a tsibirin, tun 1805.

Abu ɗaya da za ka kiyaye in za ka yi sallah a bakin teku ko a ɗakinka na jirgi: a nan alƙibla ba gabas take ba. Moris tana kudu da Makka can ƙasa, don haka arewa ake fuskanta a ɗan karkata yamma. Ka duba da wayarka.

Abinci fa, za a samu na halal?

Wannan kam ba matsala. Abin da kowa ke ci a titi shi ne dholl puri, wani lallausan gurasa ne siriri da ake cusa masa niƙaƙƙen wake rawaya a cikin kwaɓin kafin a gasa, babu nama a ciki ko kaɗan. Za ka ga mai sayarwa da akwatin gilashi, wani a bayan babur ma, ya zaro biyu a haɗe ya shimfiɗa a tafin hannunsa kan takarda, ya zuba cokalin miyar wake, cokalin miyar tumatir, ya ɗago kai ya tambaye ka barkono, ya naɗe ya miƙo maka, duk cikin ƙiftawar ido, na bayanka har ya miƙa kuɗinsa. A tsaye ake ci da zafinsa. Inda ka ga layin ma'aikatan ofis ya yi tsawo da rana nan za ka tsaya.

Akwai gato pima, kamar ƙosai yake sai dai ƙanana ne kuma da barkono da ganye a ciki. Akwai biryani wanda Musulmin ƙasar ne suka shahara da shi, na kaza ko na sa da dankalin turawa, a Plaine Verte da kewayen masallaci za ka samu mai kyau. Sai alouda, madara ce mai sanyi da 'ya'yan ɗoɗɗoya da suka jiƙa suka kumbura, a cikin kasuwa ake sayarwa, bayan yawon rana ba abin da ya kai ta. Sai abarbarsu ƙarama mai zaƙi da ake ferewa a barbaɗa mata gishiri da barkono.

Inda za ka yi hattara shi ne unguwar 'yan Sin, wasu gidajen abincin suna amfani da naman alade har a cikin romon taliya da 'yan dunƙulen nan da suke kira boulettes, ka tambaya kafin ka zauna, da yawa suna manna alamar halal a ƙofa in sun cancanta. Haka kuma ƙasa ce mai yin giyar rake, wasu kayan zaƙi da ayaba soyayya na manyan gidajen abinci ana zuba musu, ka tambaya.

Kasuwar ta cancanci shiga ko ta 'yan yawon buɗe ido ce kawai?

Kashi biyu ce. Ƙasa, wajen kayan miya da 'ya'yan itace da masu maganin gargajiya, kasuwar mutanen gari ce ta gaske, nan za ka ga mangwaro da lici in lokacinsu ne wajen Disamba, da ganyayyaki iri iri da ba ka saba gani ba. Sashen tsaraba kuwa, riguna da kwanduna da kayan ƙamshi a leda, na baƙi ne kuma ranar da jirgi ya shigo farashi na tashi. Ka yi ciniki, ba sai an koya maka wannan ba. Ka riƙe jakarka ta gaba don cunkoso ne. Sashen nama da kifi yana da wari, in ba ka jure ba ka wuce.

Ina son gidajen tarihi. Wanne da wanne?

Blue Penny a Caudan, sunan ya samo asali daga kan sarki guda biyu da aka buga a tsibirin a 1847, ɗaya ja ɗaya shuɗi, suna cikin mafi tsada a duniya don 'yan kaɗan ne suka rage. Ba a barin fitila a kansu kullum saboda haske na cinye launin, na 'yan mintuna ake kunnawa a kowace awa, don haka kana sayen tikiti ka tambayi lokacin. Akwai tsofaffin taswirori na tekun Indiya a ciki da ni a ganina sun fi kan sarkin ma ɗaukar hankali.

Sai gidan tarihin halittu kusa da lambun Jardin de la Compagnie, nan ƙasusuwan tsuntsun nan dodo suke, babban tsuntsu mara tashi da babu shi a ko'ina sai Moris, ya ƙare a ƙarni na 17 bayan zuwan jiragen Turawa da dabbobin da suka shigo da su, ɓeraye da aladu da birai masu cinye ƙwansa. Yara na son wurin. Lambun da ke gefensa na da manyan itatuwa dangin cediya masu saiwoyi na reto daga sama, wurin hutawa ne da rana.

Daga ina zan hango garin duka?

Daga Citadelle, sunansa na asali Fort Adelaide, sansanin soja ne da Ingila ta gina a kan tudu tsakanin 1834 da 1840. Ana iya hawa a ƙafa amma da rana tsaka wahala ce, tasi ya kai ka ya jira ka. Daga sama ga tashar jiragen ruwa da jirginku, ga hasumiyar masallaci da coci da haikalin Hindu duk a waje ɗaya, ta baya kuma ga filin sukuwa na Champ de Mars wanda ake tseren dawaki a cikinsa tun 1812, a nan aka ɗaga tutar ƙasar ranar 'yanci. Minti ashirin ya isa.

Akwai bakin teku na wanka a cikin garin?

Babu. Port Louis tashar kaya ce. Sai ka fita arewa, Trou aux Biches ko Mont Choisy ko Pereybere kusa da Grand Baie, wajen kilomita 20 zuwa 25, ko kuma yamma zuwa Flic en Flac. In hanya a buɗe take minti talatin zuwa arba'in ne. Mont Choisy ya fi faɗi da inuwar itatuwa, iyali sun fi sakewa a can, Trou aux Biches ruwansa a kwance yake mara zurfi don akwai shingen murjani can nesa da ke karya igiyar ruwa kafin ta iso. Ana samun ƙananan jirage masu gilashi a ƙasa da ake leƙa kifi ba sai an jiƙe ba, ga wanda bai iya iyo ba wannan ya fi.

In ba ka iya ruwa ba dan Allah kada kunya ta hana ka sa rigar ceto, kuma kada ka shiga jirgin da babu ita. Ka sa takalmin roba in za ka taka cikin ruwa saboda wasu halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa. Matan Moris da yawa, Musulmi da Hindu, da kayansu suke shiga ruwa, don haka 'yar'uwa ba wanda zai kalle ki don kin shiga da doguwar riga, amma ki zaɓi mara nauyi.

Lambun Pamplemousses fa?

Shi ne zaɓina ga wanda ke da awa biyu ko uku bayan yawon gari. Kilomita 11 ne kacal, girmansa hekta 37, Bafaranshe Pierre Poivre ne ya raya shi wajen 1770 lokacin da Faransa ke neman ta karya kakagidan Holan a cinikin kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Akwai tafkin bado mai ganye faɗi kamar tire wanda asalinsa daga Amazon ne, akwai dabinai da giginyu iri sama da tamanin ciki har da talipot mai yin fure sau ɗaya bayan shekaru da dama sannan ya mutu, akwai manyan kunkuru. Ka ɗauki ɗan jagora a ƙofa, zai murza maka ganye ka shinshina ka gane wannan kirfa ce wannan kanumfari, in ba haka ba itatuwa kawai za ka gani. Kusa da wurin akwai tsohon kamfanin sukari na Beau Plan da aka mayar gidan tarihin rake, in ka je Aapravasi Ghat da safe wannan ne ci gaban labarin.

Na ga hotunan ƙasa mai launi bakwai da wani babban gunki. Zan iya zuwa?

Za ka iya, amma yinin ne duka zai tafi. Chamarel mai ƙasar launi bakwai da magangarar ruwa mai tsawon kusan mita 100 tana kudu maso yamma, fiye da awa ɗaya a mota kuma hanyar dutse ce mai lanƙwasa. Tafkin Grand Bassin, wurin ibadar Hindu mai mutum-mutumin Shiva na mita 33, yana kan hanyar, haka ramin tsohon dutse mai aman wuta na Trou aux Cerfs a Curepipe. Can ƙarshen kudu maso yamma kuma dutsen Le Morne ne, inda bayin da suka gudu suke ɓuya, UNESCO ta karɓe shi a 2008. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne bayan soke bauta an tura jami'ai su gaya musu sun samu 'yanci, da suka hango su sai suka zaci kama su aka zo yi, wasu suka faɗo daga saman dutsen.

Wannan zagayen na kudu shi kaɗai ne nake cewa ka saya a hannun kamfanin jirgi ko da ya fi tsada, saboda in motarsu ta makara jirgi na jira, in taka ce ta makara ba ya jira. Kuma in lokacin bikin Hindu na Maha Shivaratri ne, wajen Fabrairu ko Maris, dubban masu ziyara na tafiya a ƙafa zuwa Grand Bassin, hanyoyi na toshewa. Tsibirin Île aux Cerfs da ke gabas kuwa ka bar shi kawai, mota fiye da awa ɗaya sannan kwalekwale, bai dace da mai yini guda ba.

Tasi, bas ko jirgin ƙasa?

Tasi ya fi sauƙi, ku gama magana kafin ka shiga: nawa, na mota ne ko na kowane mutum, zuwa da dawowa ne, da wane kuɗi, awa nawa zai jira. Kada ka biya duka sai an dawo. Wasu direbobi za su so su biya da kai shagunan da ake ba su kamasho, in ba ka so ka faɗa tun farko. Bas na da arha ƙwarai, na arewa daga Immigration Square suke tashi, na kudu da yamma daga Victoria, amma suna tsayawa ko'ina. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari, Metro Express, daga Port Louis zuwa Curepipe ta Rose Hill, mai sanyi ne kuma go-slow bai shafe shi ba.

Go-slow ɗin ne babban abin lura. Babbar hanyar da ta haɗa arewa da kudu ta tsakiyar Port Louis ta bi, ranakun aiki daga wajen ƙarfe uku na yamma tana cushewa, tafiyar rabin awa ta koma awa da wani abu.

Wane kuɗi, wane yare?

Rupi na Moris. Manyan shaguna na karɓar kati, amma kasuwa da bas da mai dholl puri sai tsabar rupi, ka canza kaɗan a Caudan, akwai bankuna da 'yan canji da na'urar cire kuɗi. Ka zo da dala ko yuro, naira da sefa ba za su canzu ba. Yaren gida Kiriyol ne wanda ya samo asali daga Faransanci, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi za su ji kamar rabin maganar, Turanci ma ana ji. Bonzur da mersi, wato gaisuwa da godiya, sun isa buɗe maka fuska.

Biza da yalo kati?

Ka tambayi kamfanin jirgin a rubuce tun kafin ka biya, kuma ka tambaya game da kowace tasha da jirgin zai tsaya ba Moris kaɗai ba. Misali Reunion da ke maƙwabtaka yankin Faransa ne mai nasa ƙa'idar biza, kuma kamfani na iya hana ka hawa tun daga farko in takardar tasha ɗaya ta gaza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ya riƙe katin rigakafin shawara a jikinsa. In kana shan magani mai ƙarfi ka zo da takardar likita da kwalinsa na asali, dokar ƙwayoyi a Moris da tsauri take.

Yaya yanayi yake?

Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da gumi, kuma lokacin ne jiragen suka fi zuwa, shi ne kuma lokacin guguwar teku, wani sa'in kyaftin ya soke tsayawar baki ɗaya. In ruwan sama mai ƙarfi ya kece kana cikin gari kada ka shiga hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake tsallaka babban titi ta cikinsu zuwa Caudan. Ruwa daga duwatsu yake gangarowa da sauri, ranar 30 ga Maris 2013 ambaliya ta kashe mutum 11 a garin, wasunsu a cikin waɗannan hanyoyin ne. Ka fake a sama ka jira.

In ranar Lahadi muka iso?

Gari na mutuwa. Kasuwa da safe kawai take ci, shagunan cikin gari a rufe, wasu gidajen tarihi ma haka, Asabar ma da rana ake fara rufewa. Caudan ne ke buɗe. Irin wannan rana bakin teku ko Pamplemousses ya fi, sai dai ka sani Lahadi ce ranar da iyalan Moris ke fita bakin teku da tukwanensu, za a cika. Masu yara kuma akwai gidan kifaye na Odysseo nan Les Salines dab da inda jirgi ke tsayawa.

Wace tsaraba zan saya?

Ganyen shayi mai ƙamshin banila na Bois Chéri, sukarin rake mai ruwan ƙasa, kayan ƙamshi, da ƙananan jiragen ruwa na katako da masu sana'ar hannu na ƙasar suka shahara da su, in kana da wurin sawa. Kada ka sayi murjani ko ƙoƙon kunkuru ko manyan katantanwa, ana iya ƙwace su a kwastan kuma sayen ne ke sa ake ci gaba da fasa shingen da ke kare bakin tekun.

Allah ya kiyaye, in jirgi ya tashi ya bar ni?

Da farko kada a kai ga haka. Lokacin da aka rubuta na komawar kowa cikin jirgi yakan riga lokacin tashi da rabin awa ko fiye, shi za ka riƙe, kuma ka sa a ranka awa ɗaya da rabi kafinsa ka riga ka shigo Port Louis. Moris na gaban Najeriya da Nijar da awa uku, gaban Afirka ta Kudu da awa biyu, wayarka na iya canza lokaci da kanta ko ta ƙi canzawa, don haka kafin ka sauka ka daidaita agogon hannu da agogon jirgi.

A takardar shirin yini da ake sawa a ɗakinka akwai suna da lambar wakilin jirgin a tashar, ka ɗau hotonta, ka fita da katin jirginka da kwafin fasfo da katin banki. In ka ga za ka makara ka kira wakilin tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso. In jirgin ya riga ya tafi shi wakilin za ka nema, sau da yawa ma'aikatan jirgi kan bar masa fasfon wanda aka bari, shi zai nuna maka yadda za ka yi da shige da fice. Kuɗin otal da tikitin jirgin sama zuwa tasha ta gaba daga aljihunka ne, filin jirgin saman kuma yana Plaisance can kudu maso gabas, kusan kilomita 50 daga Port Louis. Lambar 'yan sanda 999 ce, ta motar asibiti 114.